Saƙon da Na Kai Lyon

Shekarun baya, zamanin da nake da sauran ƙarfi a Paris, abokina ya ci amanata. Ya ɗauki akwatin tayar da wasan wuta wanda ya san an cire masa makulli, ya naɗe cikin shadda, ya ba ni a kan saƙo ne, na kai Lyon da hannuna. Akwatin nan ya cinye hannun wani bawan Allah, ya cinye aikina, saura ƙiris ya sa a kore ni daga ƙasar. Shi kuwa ko ƙwarzane bai yi ba. Zan faɗi yadda aka yi, don yaran yanzu da ke ce mini tsoho mai baƙin hali in na ce a kwance saƙo a gabana su san inda na samo halin.

Ni ɗan Damagaram ne. Lakkwal, wato boko, ban yi nisa ba, malamin yana da bulala, ni kuma ina da ƙafa. Na iso Faransa ƙarshen shekarun saba'in, na yi shara, na yi wankin kwanoni a Belleville, har Allah ya haɗa ni da wani ƙaramin kamfani a bayan gari da ke yin wasan wuta, irin wanda ake harbawa sama ranar sha huɗu ga Yuli ko in wani gari yana biki. Aikina ɗaukar kaya, haƙa rami, jan waya. Takardar zamana ta shekara-shekara ce, a jikin wannan aikin take rataye.

Maigidana wani tsohon Bature ne mai rabin kunne, albarushi ya tafi da ɗaya rabin tun yana saurayi. Ba ya dariya, ba ya gaisuwa, amma abu ɗaya ya dasa mana a kai. Akwatin da ake tayar da wutar da shi girmansa kamar na keken ɗinki, akwai batir a ciki da maɓallai a jere, wayoyi na fita daga jikinsa har zuwa bututun da ke cike da albarushi. Makulli ɗaya gare shi. In an zare makullin, akwatin ya mutu, ko rawa ka yi a kansa ba abin da zai tashi. Dokar kuwa ita ce, wanda zai shiga fili ya haɗa waya, shi ke rataya makullin a wuyansa. Kullum kafin ka ɗaga ƙafa sai tsohon ya daka maka tsawa, ina makulli? Sai ka ciro shi daga cikin riga ka nuna. Yakan ce, muddin yana wuyanka, ba wawan da zai iya kashe ka daga baya.

Kamfanin ya ba mu rigar sanyi shuɗiya, da sunansa a baya da zanen tauraro. To, a nan ne wautata take. Rigar nan na mayar da ita babbar riga. Masallaci da ita, suna da ita, kasuwa da ita. Har hoto na ɗauka da ita na aika wa mahaifiyata, ta liƙa a bango tana gaya wa maƙwabta ɗanta yana aikin jirgin sama. Ban taɓa gyara mata zancen ba.

Shi abokin nawa, unguwarmu ɗaya, rana ɗaya aka yi mana kaciya, a bukka ɗaya muka yi jinya. Ya riga ni zuwa Paris, a ɗakinsa na Goutte d'Or na fara sauka. Ɗan kasuwa ne irin wanda in ka bar takalmi a ƙofar masallaci sai ya juya shi ya ga ko zai sayu. Yakan bi kasuwar gwanjo ya kwaso tsoffin firji da rediyo, wasu ya aika gida, wasu ya sayar a nan.

Wata Asabar ya ja ni zuwa ɗakin ajiyarsa na ƙarƙashin ƙasa, ya yaye wani bargo. Akwatunan tayar da wuta ne guda uku, tsoffi, na wani kamfani da ya rufe.

Ya ce, "Ka san waɗannan?"

Na ce, "Na san su. Ina makullansu?"

"Ai shi ya sa na same su a banza. Kai da kake cikin harkar, cire mini wurin makullin nan, ka haɗa su su yi aiki haka nan. Akwai masu biki da ba su da ƙarfin kiran kamfani."

Na ce masa ba zan taɓa ba. Na gaya masa batun makullin wuya. Na gaya masa abin da maigidana ke faɗi, cewa kayan nan ba a sayar wa kowa da kowa, kuma duk wanda ya sa hannu ya canza su, in jini ya zuba, shari'a wuyansa za ta kama.

Ya yi dariya ya ce, "Bature ya cika ka da tsoro. Ko ƙofar ɗaki in makulli ya ɓata ai ɓalle ta ake yi."

"Ƙofar ɗaki ba ta tsinke wa mutum hannu. Kawo su in kai wa maigidana ya farfasa, ko ka zuba su a kogi."

"To Malam mai tauraro, na ji. An bar maganar."

Ya mayar da bargon, muka fita muka ci shinkafa. Wallahi na ɗauka an bar ta ɗin.

Bayan 'yan watanni aka haifa wa wani ɗan ƙanwar babana da ke karatu a Lyon, na shirya zuwa suna. Yanzu sai in yi wa yara bayanin saƙo, don na ga abin ya fara ɓacewa. A lokacin, in za ka yi tafiya, ko Lyon ko Marseille ko gida, duk wanda ya ji zai kawo ƙullinsa. Ba ka tambaya, ba ka buɗewa, ba ka karɓar ko sisi. Buɗe saƙon mutum daidai yake da ce masa ɓarawo a gaban jama'a. Da haka magani ke isa wurin tsoffinmu, da haka kilishi da kuka ke iso mana. Duk zamanmu a ƙasar nan a kan wannan yardar ya tsaya.

Ana gobe zan tafi ya leƙo ni a fuwaye, gidan da mu ma'aikata baƙi ke kwana. Ya ce yana da saƙon shadda na wani Balarabe mai shago a Guillotière. Da zai fita ya juyo ya ce, "Ka tafi da rigarka ta aiki fa, an ce Lyon ana ruwa." Har na ji daɗi, na ce mutumin nan yana kula da ni. Ko bai faɗa ba ma da ita zan tafi, amma shi bai so ya bar abin ga sa'a ba.

Da safe ya same ni a tashar jirgin ƙasa da wata jaka ɗaure da igiya. Na ɗaga, kafaɗata ta amsa.

Na ce, "Wace irin shadda ce wannan mai nauyin jaki?"

Ya ce, "Mai kyau ce, ba irin wadda kuke sawa ba." Har ya ɗan zuge bakin jakar, ga yadi fari yana ƙyalli. Ya taya ni ɗora ta a jirgi, ya yi mini addu'ar sauka lafiya.

Shagon na kayan yaji ne da kwanoni. Mai shi dattijo ne ɗan Aljeriya, shi ne kuma shugaban ƙungiyar ƙwallon yaran unguwar. Na yi sallama na ajiye jakar. Ya dube ni, ya zagaya ya karanta bayan rigata, ya ce, "Kai ne na kamfanin?" Na buɗe ƙirji na ce ni ne. Tambayar da ake yi mini ke nan ko'ina, kuma ina son ta. Ya yi murmushi ya zuba mini shayi. Na sha a tsaye don kar in rasa raɗin suna, na tafi. Iyakar abin da ya haɗa ni da shi ke nan.

Wata safiya bayan nan muna loda mota a farfajiyar kamfani sai ga 'yan sanda. Sunana suka kira. A gaban maigidana da abokan aikina suka sa mini ankwa.

A kwamisariya, ofishin 'yan sanda, na ji abin da ya faru. Ƙungiyar ƙwallon ta shirya bikin ƙarshen shekara, suka samo albarushinsu ta wata hanya, suka ce za su harba da kansu. Da rana tsaka, ƙanen mai shagon, direban bas ne mai 'ya'ya, ya durƙusa a fili yana haɗa waya. Wani ya zo ya dafa akwatin zai ɗaure igiyar takalmi. Babu makullin da za a zare, balle a rataya a wuya. Bututun ya tashi a hannunsa. Yatsu uku na hannun dama suka tafi, idon dama ya mutu.

Ɗan sandan ya ce, "Wa ya kai akwatin Lyon?"

Na ce ni na kai jaka.

"Me ke ciki?"

"Shadda aka ce mini."

"Kana aiki da irin akwatin nan kullum. Ka ɗauko shi tun daga Paris, ba ka leƙa ba?"

Na ce saƙo ne, mu ba ma buɗe saƙo. Ya dubi abokin aikinsa suka yi dariya. Ta yaya zan fahimtar da Bature wannan da guntun Faransancina? Ni kaina da na ji maganar tana fita daga bakina, sai na ji ta kamar ƙaryar yara. Da suka tambayi wanda ya ba ni, ban yi wata-wata ba, na faɗi sunansa da lambar ɗakinsa da inda yake ajiya. Suka je suka tarar da ɗaki a buɗe. Tun ranar da labari ya iso shi ya tsallaka Beljik, daga can ya wuce Kwatano. Ya san za a zo kaina, yana da lokacin haɗa kaya, amma bai samu na leƙo ni ya ce ga abin da ke tafe ba.

Suka sake ni a kan in jira kiran alƙali. Na koma fuwaye ina tsammanin mutanenmu za su yi mini jaje. Sai ga wani Alhaji ɗan Tawa, babbanmu a lokacin, ya zo da mutum biyu. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Abin da munka ji bai yi muna daɗi ba. Ka ba Nasara sunan ɗan uwanka."

Na ce, "Alhaji, shi da ya ba su wuyana fa?"

"Ko mi ya yi, a gida aka gyara shi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yas."

Na ce a Lyon an yanke na wani, kuma ba ruɓewa ya yi ba. Ya tashi ya kaɗe riga. Daga ranar akwai waɗanda suka daina sa hannu a kwano ɗaya da ni. Ni na zama mai tona asiri. Wanda ya gudu kuwa sai a ce, Allah sarki, tsautsayi ne ya faɗa masa.

Alƙalin bincike a Lyon yake, can aka yi ta kirana. Ranar da aka haɗa ni da mai shagon ne na ji sauran. Ya ce shi da wani ya yi ciniki ta waya, kuma da ya nuna shakka a kan tsohon akwati, mutumin ya ce masa, kar ka damu, ma'aikacin kamfani ne ya duba shi da kansa, shi zai kawo maka, za ka gan shi da rigarsu. Ina zaune na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Ashe ba don kafaɗata abokina ya zaɓe ni ba, masu zuwa Lyon ba su ƙare ba. Tauraron da ke bayana yake so. Na ƙi sa masa hannuna, sai ya sayar da rigata da ni a ciki.

Abin da ya cece ni, sun kamo wani mai gyaran talabijin wanda ya cire wa akwatunan wurin makulli, ya amsa, ya ce bai taɓa ganina ba. Shi aka ɗaure. Mai shagon ma bai tsira ba, an hukunta shi a kan harba wuta ba izini, ga ƙanensa a naƙashe, ga ƙungiyar ta watse. Ni aka ce ba ni da laifi.

A barandar kotun na yi kiciɓis da direban. Hannun a naɗe, ido ɗaya a rufe da auduga. Ya tsaya ya dube ni da wanda ya rage, ya ce, "Kai ne mai rigar." Bai san abokina ba, bai taɓa jin muryarsa ba, ni ya sani. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Har yau ban ga laifinsa ba.

Na koma wurin aiki da takardar alƙali a hannu. Maigidana ya karanta, ya miƙo mini. Ya ce ya yarda ban sani ba. Amma sunan kamfaninsa ya shiga bakin 'yan sanda da masu inshora, garuruwa biyu sun janye aikinsu, ba zai iya riƙe ni ba. Sannan ya ce in bar rigar. A tsakiyar farfajiya na tuɓe ta, ana yayyafi, na ɗora a kan wani akwati na fita da 'yar shat.

Da aiki ya tafi, takardar zama ta bi shi. Sai guntuwar takarda ta 'yan watanni suke ba ni, in ta ƙare in koma layi a sake dubawa ko za a kore ni. Da irin wannan in ka fita ƙasar ba ka dawowa. Ina cikin haka, na koma wankin kwanoni, aka aiko mahaifiyata ba lafiya. Na ce bari takarda ta fito. Ba ta fito ba sai bayan an yi arba'in ɗinta. Ƙanwata ta ce har ta cika hoton nan yana bango.

An ce wahala makaranta ce. Ni dai abin da na fito da shi kaɗan ne, kuma ba mai daɗi ba. Duk abin da aka yi wa makulli, akwai wanda ya rasa wani abu kafin a yi masa, kar ka cire don ka sami na cefane. Sai kuma saƙo. Tun daga lokacin ban ƙara ɗaukar ƙullin kowa ban ga cikinsa ba. Na taɓa sa wata Hajiya sa'ar uwata ta kwance daddawa da kuka a tsakiyar filin jirgi, tana kwancewa tana tsine mini. Na ji kunya, amma ban fasa ba. Wannan ma yana cikin abin da nake riƙe da shi a kansa, don dā ni ba haka nake ba.

Can ƙarshen shekarun tamanin ya dawo, da wani fasfo, da haƙorin Makka. Ya yi kuɗi a Kwatano da tsoffin motoci. Dattawa suka ce a yi sulhu. Bayan sallar Juma'a aka kira ni wani gidan abinci a Belleville, inda na taɓa wanke kwanoni. Na je don in ga idonsa. Ya yi ƙiba, ya sha babbar riga. Ya taso da hannu biyu yana kirana da sunan da muke kiran juna tun muna yara. Na bar hannuna a aljihu.

Alhajin nan ɗan Tawa ya yi wa'azi a kan haƙuri. Shi kuma ya ce ƙaddara ce, shi ma bai so haka ba, kuma ya yi mini addu'a a gaban Ka'aba. Sai ya turo mini wani ƙulli a kan tebur, wai tsarabata.

Na ce, "Kwance."

Alhaji ya ce haba. Na ce ya kwance a gaban kowa. Ya kwance. Dabino ne da turare da hula, a ƙasa kuma yadin shadda fari. Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba.

Na tura masa kayansa na ce, "Ƙaddara ba ta ce mini in tafi da riga don ana ruwa a Lyon ba. Kai ka faɗa. Na gaya maka abin da akwatin nan zai yi, a ɗakin ajiyarka, da bakina, ka ce an bar maganar. Ka san ba zan buɗe saƙonka ba don a bukka ɗaya muka kwanta, da wannan ka yi ciniki. Ba zan kira 'yan sanda ba, na gaji da ganin fuskarsu, ku kwantar da hankalinku. Aikina da ka ci, je ka da shi. Uwata da ban binne ba, wannan sai gaban Allah. Amma in yafiya kake nema, ba daga kaina za ka fara ba. Hau jirgi ka tafi Lyon, ka shiga Guillotière, ka tambayi direban bas da ya daina tuƙi. Ka kai kanka da kanka, kar ka aiki kowa. Ka gaya masa ba mai rigar ba ne, kai ne. Sannan ka miƙa masa hannun dama ku gaisa, ka ji abin da ya rage a nasa. In ya riƙe naka, dawo ka same ni."